Arhar gas ɗin Amurka: daga bakin rijiya zuwa ɗakin girki

A tsakiyar shekarar 2008 farashin iskar gas a kasuwar sari ta Henry Hub da ke Luwiziyana ya haura dala 13 a kan kowane ma'auni na miliyan ɗaya na BTU. A lokacin an riga an yi imani cewa gas ɗin Amurka ya kusa ƙarewa, har an gina tashar Sabine Pass domin shigo da shi daga waje. Bayan shekara huɗu, a Afrilun 2012, ma'aunin ya faɗo ƙasa da dala 2.

Tushen wannan sauyi yana arewacin Teksas. Tun 1981 George Mitchell yake ƙoƙarin tatso gas daga wani dutsen laka mai tauri da ake kira shel, a yankin Barnett. Sai a ƙarshen shekarun 1990 injiniyoyinsa suka gano cewa tura ruwa da yashi da ƙarfi cikin rijiya yana tsaga dutsen da kuɗi kaɗan. Da kamfanin Devon ya sayi nasa a 2002, aka haɗa dabarar da haƙa a kwance, daga nan ta bazu har yankin Marcellus na Fensilbaniya.

Kusan rabin gidajen Amurka da gas suke ɗumama ɗaki a hunturu, saboda haka sun ga sauƙi. Amma sauƙin bai kai faɗuwar farashin sari ba. Tsakanin 2008 da 2016 abin da magidanci ke biya a kan ƙafa dubu ta gas ya sauko ne daga kusan dala 14 zuwa kimanin 10. Dalili kuwa shi ne gas ɗin kansa wani ɓangare ne kawai na takardar kuɗin wata. Sauran kuɗin bututu ne da gyaransa da kai gas har gida, waɗannan kuma ba ruwansu da yawan rijiyoyi. Haka wutar lantarki: a 2016 gas ya wuce kwal wajen samar da ita, duk da haka kuɗin wutar gidaje bai ragu sosai ba, hauhawarsa ce ta lafa.

Inda bututu ya gaza kuwa, arhar ba ta isa sosai. Boston ba ta da nisa da Marcellus, amma cikin tsananin sanyin Janairun 2018 sai da jirgin ruwa ya kawo mata gas wanda wani sashensa daga Rasha ya fito.

A Fabrairun 2016 tashar Sabine Pass, wadda aka gina don shigowa, ta fara fitar da gas. Wannan ya ɗaura kasuwar cikin gida da ta duniya. Da Rasha ta kai wa Yukiren mamaya a 2022, Turai ta yi rububin gas ɗin Amurka, farashin Henry Hub ya haura dala 9 a Agusta, gidaje suka ji a aljihunsu. A 2023 Amurka ta zama ta farko a duniya wajen fitar da gas ta jiragen ruwa, magidancin Ohayo kuma ya samu abokin takara a Jamus.