Daga Takardar Haraji Zuwa Kason Abuja: Kuɗin Ƙaramar Hukuma Na Waye?

 Ga rubutaccen shirinmu saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Yau maganar kasafin kuɗin ƙaramar hukuma za mu yi. Duk ƙarshen shekara musun iri ɗaya ne a majalisunmu, daga Unguwar Ya har kasuwar Sara. Wasu su ce dole a ƙara tara kuɗin shiga in ana son aiki, wasu su ce a fara nuna mana inda na bara ya shiga. To wannan musun ya girmi iyayenmu, shi ya sa nake so mu koma baya kaɗan.

Kafin zuwan Turawa ma akwai haraji a ƙasar Kano: kuɗin ƙasa, kuɗin shuka, kuɗin karofi, jangali, ga kuma zakka. Da Bature ya ci Kano a 1903, sai ya bi ya dunƙule yawancinsu suka zama haraji guda, ya ce kuma da tsabar kuɗi za a biya. Wajen 1910 aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. Abin da aka tara, da farko rabi na gwamnatin Turawa ne, rabi na En'e.

A lokacin nan Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne a ƙarƙashin Kano. Mai unguwa ya ƙirga magidanta, ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika birni. Bayan kaka ake karɓa, daidai lokacin da amfanin gona ya fi araha. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa, manomi ya rage gonar dawa ya shuka gyaɗa don ya fanshi kansa. Wanda damina ta ƙi, sai ya sayar da akuya, ko ya ci bashi, ko ya tafi cin rani. Wanda ya kasa, a shanya shi a rana a ƙofar dagaci. Ku tambayi duk dattijon da ya haura saba'in, zai gaya muku takardar haraji a aljihu ake yawo da ita, don ɗan doka na iya tare ka a hanyar kasuwa.

To ina kuɗin ke tafiya? Kasafi kam akwai shi, a rubuce, kuma Razdan yana dubawa. Babban kaso albashi ne, sai 'yan doka da gidan yari. An yi ayyuka ma, gaskiya ɗaya ce: da kuɗin En'e aka kawo wa birnin Kano ruwan famfo da lantarki a 1931. Amma ku auna. Manomin Gwaram ya biya, famfon yana Kano, shi kuma yana jan guga. Ba a tambaye shi ba, ba shi da wakilin da zai tambaya a madadinsa.

A 1950 abubuwa biyu suka faru cikin wata guda. Ranar 8 ga Agusta aka kafa NEPU a Kano, kuma zaluncin haraji na cikin manyan abubuwan da ta sa a gaba. A cikin watan ne kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ba ɗan tawaye ba ne, ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Mutanen ƙauye da suka bi Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da bulala, kuma da yawansu laifinsu bai wuce tambaya ba.

A 1962 baitulmalin Kano ya shiga matsala, gwamnatin Sardauna ta sa wani Bature, Muffett, ya binciki kuɗin En'e. Ƙarshenta Sarki Sanusi ya yi murabus a 1963, ya koma Azare, nan maƙwabtanmu. Har gobe masana na musu kan rawar da siyasa ta taka a ciki. Ni abin da na ɗauka shi ne, shekaru sittin da suka wuce an buɗe littafin kuɗin hukuma mafi ƙarfi a Arewa an karanta.

A 1976 sojoji suka rushe En'e suka kawo ƙananan hukumomi. Sai 1979, PRP ta ci Kano, Alhaji Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Mu nan abin ya shafe mu kai tsaye, don a tutar PRP ɗin ne Sule Lamido na Bamaina ya tafi Majalisar Wakilai a shekarar. An yi musu sosai. Masu adawa suka ce da me ƙaramar hukuma za ta yi aiki? Magoya baya suka ce kuɗin da ake karɓa da bulala ba shi da albarka, ga kuɗin fetur kuma yana shigowa.

A ganina Rimi ya yi daidai. Sai dai akwai abin da ya biyo baya wanda ba mu cika faɗa ba. Da kuɗin ya daina fita daga aljihu a gaban ido, ya koma saukowa daga sama, sai muka sa masa suna "kuɗin gwamnati". Kakanninmu suna biya, ba su da bakin magana, amma suka yi magana. Mu muna da ƙuri'a, muna da kansila, muna da waya a hannu, sai muka yi shiru. A yi mana rijiyar burtsatse mu fito da kalangu muna godiya, kamar daga gadon gidan wani aka yi ta.

Alhali har yau muna biya. Katin waya da ka saya akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari a ciki. Rasit ɗin kasuwa, na kara, na tasha, duk haraji ne. Kason Abuja kuwa, ƙananan hukumomi 774 suna raba kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, 27 daga ciki namu ne na Jigawa. Tsarin mulkin 1999 ya ce kuɗin ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura shi kai tsaye. Hukuncin ya yi kyau, amma ko ta wace hanya kuɗin ya biyo, in ba mai tambaya, sauya aljihu kawai zai yi.

Don haka ga matsayata a musun. Ba na ƙin kuɗin shiga. Kasuwa tana buƙatar rumfa da magudana, kuma ba da addu'a kaɗai ake gina su ba. Amma duk wanda zai ce a ƙara sisi, ya fara kafe takarda a allon sakatariya: ga abin da ya shigo, ga na albashi, ga na aiki, ga sunan mazaɓar da aka yi shi. Mai sayar da awara ma tana sanin uwar kuɗinta da ribarta.

Aikinmu na wannan makon guda uku ne. Na ɗaya, ka nemo abin da aka turo wa Birnin Kudu ko Gwaram a watan jiya, ana wallafa shi a intanet. Na biyu, ku je wajen kansilanku, ku uku ko huɗu, cikin ladabi, ku ce ranka ya daɗe, me aka sa wa mazaɓarmu a kasafin bana? Na uku, in aka yanka maka rasit a kasuwa, ka duba ko akwai lamba da hatimi, ka adana shi.

Wanda kakansa ke raye kuma, ya zauna da shi ya ɗauko mana labarin haraji da bakinsa, ya turo mana. Za mu saka a shiri na gaba in Allah ya kai mu.