Yamaha Virago: babur ɗin Japan da aka ɗinka wa rigar Amurka

Virago suna ne na wani jerin babura da kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fara fitarwa a shekarar 1981. Yana cikin rukunin baburan ƙasaita, waɗanda Amurkawa ke kira cruiser, Faransawa kuma custom: sirdi a ƙasa, kan babur a ɗage, ƙafafun matuƙi a miƙe gaba, mutum ya zauna a kishingiɗe kamar kan kujerar falo. Shi ne babur na farko na wannan rukuni da Yamaha ya ƙera da injin mai silinda biyu masu siffar harafin V, kuma bayan fitowarsa ne sauran manyan kamfanonin Japan suka bi sahu. Sunan kansa daga harshen Latin yake, ma'anarsa jarumar mace.

Asalinsa

Kamfanin Yamaha Motor, wanda aka kafa a 1955 kuma hedikwatarsa ke garin Iwata, ya yi suna da ƙananan babura masu gudu. A shekarun 1970 kasuwar manyan babura mafi tsoka ita ce ta Amurka, inda kamfanin Harley-Davidson ya daɗe da saba wa jama'a da fasali guda: injin V mai rugugi, doguwar jiki, zama a ƙasa. Da farko kamfanonin Japan kwaskwarima kawai suke yi wa baburansu na yau da kullum, su ɗaga kai, su rage tsayin sirdi, su sa wa abin sabon suna. Haka Yamaha ya yi da XS650 Special a 1978. Abin ya karɓu, sai kamfanin ya yanke shawarar ƙera babur na wannan fanni tun daga tushe. Sakamakon shi ne XV750 Virago.

Injin

Girman injin XV750 cc 748 ne, wato ya ninka na ƙaramin babur mai cc 100, irin wanda ƴan kabu-kabu da ƴan acaba ke hawa, fiye da sau bakwai. Faɗin kowace silinda milimita 83 ne, nisan da fistan ke yi sama da ƙasa kuma milimita 69.2. Kowace silinda tana da bawul biyu da kamshaf ɗaya a samanta, wanda siririyar sarƙa ke juyawa daga cikin injin. Kafireta biyu ne, giya biyar.

Tsakanin silindojin biyu akwai buɗi na digiri 75. Na Harley-Davidson digiri 45 ne. Wannan bambanci yana da dalili. Idan silindoji suka buɗe sosai, girgizar da ɗaya ke haifarwa takan rage ta ɗayar, babur ya fi tafiya sumul. Buɗin kuma ya ba da wurin da aka zaunar da kafiretoci a tsakiya. Sandunan fistan biyun suna gefe da gefe a kan mariƙi guda na karanshaf, don haka silindar baya ta ɗan goce gefe, ba ta ɓuya gaba ɗaya a bayan ta gaba ba. Wannan yana da amfani domin injin ba shi da lagireto, iska ce kaɗai ke sanyaya shi ta cikin haƙarƙarin ƙarfe da ke jikin silindojin.

Sautin da aka san irin wannan babur da shi ma daga nan ya samo asali. Wutar silindojin ba ta tashi a tazara ɗaya: karanshaf yakan juya digiri 285 tsakanin tashin farko da na biyu, sannan ya juya digiri 435 kafin na gaba. Shi ya sa kunne ke jin bugu biyu kusa da juna, ɗan shiru ya biyo baya, kamar sukuwar doki.

Gangar jiki da tayar baya

A nan ne injiniyoyin Yamaha suka fi nuna hikima. Yawancin baburan wancan zamani suna da firam na bututun ƙarfe da ke tallafe injin ta ƙasa kamar kwando. Virago na farko ba shi da wannan. Ƙashin baya guda ne na ƙarfen da aka danne aka naɗe, ya taso daga wuyan babur zuwa ƙarƙashin sirdi, injin kuma yana rataye a jikinsa, ya zama wani ɓangare na abin da ke riƙe babur ɗin. Cikin wannan ƙashin baya fanko ne, ta nan iska ke bi daga matata zuwa kafiretoci.

A baya, maimakon sifirin biyu masu shanye gargada, ɗaya a kowane gefe, an sa guda ɗaya kwance a ƙarƙashin sirdi. Yamaha ya ɗauko wannan dabara daga baburansa na tseren daji. Ana iya ƙara masa iska ko a rage gwargwadon nauyin kaya.

Ƙarfin injin kuma ba ta sarƙa yake isa tayar baya ba. Sandar ƙarfe ce mai juyawa cikin rufaffen bututu, irin ta mota, wadda makanikan ƙasashe masu amfani da Faransanci ke kira cardan. Ba ta buƙatar ɗauri ko shafa mai kowane mako, sai dai canjin man giyarta lokaci zuwa lokaci. Aibinta shi ne ƙarin nauyi, kuma ba a iya canza mata yawan haƙora cikin sauƙi yadda ake yi wa sarƙa. Tayar gaba inci 19 ce, ta baya inci 16. Birkin gaba na faifai ne, na baya na ganga.

Harajin da ya sauya girman injin

Virago ya shiga kasuwa daidai lokacin da Harley-Davidson ke cikin mawuyacin hali. A 1981 wasu manyan ma'aikatan kamfanin suka saye shi daga hannun kamfanin AMF, da bashi mai yawa a wuyansu. A 1982 suka kai ƙara gaban hukumar cinikayyar ƙasa da ƙasa ta Amurka, suna cewa baburan Japan sun cika kasuwa har suna neman durƙusar da su. A watan Afrilun 1983 shugaba Ronald Reagan ya amince da ƙarin harajin kashi 45 cikin 100 a kan baburan da ake shigowa da su masu injin da ya haura cc 700. An tsara harajin ya riƙa raguwa kowace shekara har tsawon shekaru biyar.

Martanin Yamaha bai ɗauki lokaci ba. An rage faɗin silinda daga milimita 83 zuwa 80.2, injin ya dawo cc 699, aka sa masa suna XV700. Da ragin da bai kai milimita uku ba babur ɗin ya kuɓuce wa harajin. Sauran kamfanonin ma haka suka yi: Honda Shadow, Kawasaki Vulcan da Suzuki Intruder duk sun fito da samfurin 700 don kasuwar Amurka. A 1987 Harley-Davidson da kansa ya nemi a janye harajin kafin wa'adinsa ya cika, a 1988 kuma XV750 ya koma kasuwar ƙasar. Duk wanda ya ga Virago mai lamba 700 a yau, ya ga shaidar wancan rikicin ciniki.

Sauyin 1984

Mai saye a Amurka bai damu da dabarun da ke ɓoye ƙarƙashin sirdi ba, abin da ido ke gani yake so. Don haka a 1984 Yamaha ya sake wa Virago kamanni. An cire sifirin guda na baya, aka dawo da guda biyu a fili, masu ƙyalli. Tankin mai ya koma siffar ɗigon ruwa, fadi a gaba, tsuke a baya. An fito da murafe masu walƙiya a gefen injin, an ƙara miƙe ƙafafun gaba, an ƙara saukar da sirdi, salansa biyu suka koma gefen dama, tayar baya ta zama inci 15 mai kauri. Ta fuskar fasaha wannan koma baya ne a wasu wurare, amma a kasuwa shi ya fi karɓuwa, kuma wannan siffa ce Virago ya riƙe har ƙarshen zamaninsa.

Samfurorin gidan Virago

XV750: cc 748, buɗin silinda digiri 75, sandar juyawa. Daga 1981 zuwa ƙarshen shekarun 1990.

XV920: ya fito a 1982, da allon lantarki mai nuna gudu da lambobi, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

XV1000: cc 981, ya fito da sabuwar siffar 1984.

XV1100: babban yaya, daga 1986. Girman injin cc 1063, faɗin silinda milimita 95, tafiyar fistan milimita 75. Ƙarfinsa kusan na dawaki 60, nauyinsa ya ɗan haura kilo 220 ba tare da mai ba, birkin faifai biyu a gaba.

XV535: daga 1987. Buɗin silinda digiri 70, faɗi milimita 76, tafiyar fistan milimita 59, sandar juyawa, nauyi kusan kilo 180. Na farko tankinsa a ƙarƙashin sirdi yake, bai kai lita 9 ba, famfon lantarki ke tura mai zuwa kafireta. Daga baya aka ƙara tanki a sama, jimilla ta kai lita 13.5. Ya yi farin jini ƙwarai a Turai.

XV250: daga 1988. Girman injin cc 249, buɗi digiri 60, faɗin silinda milimita 49, tafiyar fistan milimita 66. Shi da sarƙa yake aiki. Tsayin sirdi daga ƙasa milimita 685, tanki lita 9.5, ƙarfi kusan na dawaki 20. A 2008 aka sauya masa suna a Amurka zuwa V Star 250.

XV125: ya fito a Turai a 1997, jim kaɗan bayan Faransa ta bai wa masu lasisin mota damar hawa babur mai cc 125.

A ƙarshen shekarun 1990 jerin DragStar, wanda ake kira V Star a Amurka, ya maye gurbin manyan Virago. Injin DragStar 1100 jikan na XV1100 ne kai tsaye.

Inda yake da rauni

Sanannen ciwon manyan Virago na farko shi ne na'urar tayar da injin. Ƙaramin giyan da ya kamata ya kama haƙoran babban faifan injin yakan zame, sai a ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, injin kuwa bai tashi ba. Idan batir ya yi sanyi abin yakan ƙaru. Babur ɗin kuma ba shi da sandar tayarwa da ƙafa, kuma tura kilo 200 cikin yashi ba wasa ba ne. Yamaha ya gyara tsarin a samfurorin baya, musamman XV1100.

Sauran matsalolin na tsufa ne. Kafiretocin suna matse tsakanin silindoji, fitar da su sai mai haƙuri, kuma dole a daidaita su biyun su riƙa shaƙa daidai. Robobin da ke haɗa su da injin sukan tsage da shekaru, iska ta riƙa shiga ta inda bai kamata ba. Silindar baya ta fi ta gaba ɗaukar zafi. Na'urar daidaita cajin batir ma ba ta son zafi mai yawa.

A hanyoyin Sahel

A biranen Nijar, Kamaru, Cadi, Gana da arewacin Najeriya, babur, ko moto kamar yadda ake cewa a wasu wuraren, abin neman abinci ne, kuma ƙananan baburan Indiya da China ne suka mamaye tituna. Virago ba na wannan aiki ba ne. An zana shi don shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Cikinsa yana kusa da ƙasa, sifirin bayansa ba shi da doguwar tafiya, don haka rami da tudun rage gudu suna wahalar da shi. Zaman da ƙafafu ke gaba yana hana matuƙi miƙewa tsaye a kan matakai idan ya shiga gargada, duk bugun sai ya sauka a ƙugunsa.

Amma yana da abubuwan da suka dace da yankin. Sandar juyawa a rufe take, ƙurar hunturu ba ta cin ta yadda take cin sarƙa. Rashin lagireto ya rage abin da zai iya fashewa a hanya, ko da yake tsayuwa mai tsawo cikin cunkoso a zafin bazara tana gasa injin. Babu kwamfuta a jikinsa, ana daidaita bawul da sukurudireba da sifana, aikin da ƙwararren makanike zai iya. Ga XV250 kuma akwai ƙarin sauƙi: kamfanonin China, ciki har da Lifan, sun ƙera injinan V masu cc 250 a kan fasalinsa.

Duk babban Virago da ke kasuwar kayan hannu a yau ya haura shekaru 25 da ƙerawa. Mai niyyar saye ya kamata ya nemi a tayar masa da injin yana sanyi, ya saurari ƙarar tashinsa, ya leƙa cikin tanki ko akwai tsatsa, ya duba ɗigar mai a gindin silindoji da wajen giyar tayar baya, ya tabbatar lambar da ke jikin firam ta yi daidai da ta takardun kwastan. Kafin ya biya kuɗi kuma, ya fara sanin inda zai samo kayan gyara, domin na manyan samfurorin galibi daga waje ake yo odarsu.