Albasar kwaɗi

Albasar kwaɗi tsiro ne na daji mai curi a ƙarƙashin ƙasa, wanda masana tsirrai ke kira Crinum ornatum, daga dangin Amaryllidaceae. Tana fitowa a fadamu da bakin tafkuna na Afirka ta Yamma, har da arewa maso yammacin Jigawa, wato yankin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura.

Kamanni

Ganyenta dogo ne mai lanƙwasa a gefe. Da faɗuwar damina takan fid da kara ɗaya mai kauri, furanni su buɗe a kansa, farare da jan zane a tsakiyar kowane fiffike. Da rani ganyen yakan bushe ƙayau, curin ya kwanta a ƙasa har ruwa ya dawo.

Kulawa a lambu

Ana dasa curin a ƙasa mai danshi da taki, a bar wuyansa ya ɗan leƙo waje. Idan fure ya yanƙwane, sai a yanke karan daga tushe don kada ƙarfin tsiron ya tafi ga yin iri. Ba a taɓa ɗanyen ganye, domin shi ke ciyar da curin. Sai ya yi ruwan ɗorawa ake cire shi. In 'ya'yan curin sun cunkushe, akan raba su da rani.

Gargaɗi

Curin yana da guba, ba a cinsa. A nisanta shi da yara da awaki.