Wuta, Zafi da Ƙara: Nazari kan Haɗa Kwamfutar Situdiyo a Haɗejiya

Galibin shawarwarin da ke yawo kan haɗa kwamfutar ɗaukar sauti an tsara su ne domin mutumin da ke zaune a ɗaki mai sanyi, wutarsa ba ta ɗaukewa, in kuma wani abu ya ƙone a kawo masa sabo washegari. Shi ya sa jerin nasu kan fara da furosesa, ya biyo da ram, wutar lantarki kuwa da ƙyar ake ambatonta. Matashin da ya tara kuɗin shinkafar rani yana son buɗe situdiyo a Haɗejiya, in ya bi wannan jeri ido rufe, zai zuba rabin jarinsa a abin da aikinsa bai nema ba. A wannan yanki abin da ya kamata a fara aunawa shi ne yawan wutar da na'ura ke sha, domin daga nan zafi da ƙara da tsadar aiki suke tasowa.

Sai a fara duba irin aikin da za a ɗora wa na'urar. Kiɗan zamani na Hausa ya tashi ne a Kano cikin shekarun 1990 a kan fiyanon Yamaha samfurin PSR, a situdiyoyi irin na Iyan-Tama, kuma fim ɗin Sangaya na 1999 ya kafa salon da aka daɗe ana bi. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan sauyi. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin, da manhajoji irin su FL Studio na kamfanin Image-Line da ke Beljiyam da Cubase na Steinberg da ke Jamus, amma ƙirar waƙar ba ta sauya sosai ba: kiɗan fiyano, muryar mawaƙi, sai amshi. A gari kamar Haɗejiya abin da ke kawo kuɗi shi ne waƙar siyasa a kakar zaɓe, waƙar amarya, bege, wa'azi, da tallar da ake kai wa gidajen rediyo irin su Sawaba FM. Duk waɗannan makirfo ɗaya ko biyu ne ke aiki a lokaci guda.

Nauyin irin wannan sauti a wajen kwamfuta kaɗan ne ƙwarai. Idan ana ɗauka a ma'aunin kilohaz 48 da bit 24, layin murya ɗaya na cin bayit 144,000 a daƙiƙa, wato kusan megabayit 8.6 a minti. Waƙa mai layi 24 ba ta wuce megabayit uku da rabi a daƙiƙa ba, alhali ma'adanar SSD mafi araha tana karanta ɗaruruwa. Dalilin zaɓar SSD a situdiyo ma ba gudu ba ne kaɗai: babu abin da ke juyawa a cikinta balle ta yi ƙugi, kuma girgiza ba ta lalata ta. Ram mai gigabayit 16 ta isa, sai fa ga mai loda manyan rumbunan sautin kayan kiɗa irin na Kontakt. Masu dagewa sai sun ɗauka a kilohaz 96 ko 192 suna ninka wa na'ura aiki ne a banza, tunda waƙar za ta ƙare a MP3, ta bi ta WhatsApp ko shagon masu turi, a saurare ta a lasifikar waya.

Inda furosesa ke da ta cewa shi ne jinkiri tsakanin furta murya da jin ta a kunne. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo. Tara shi take yi ƙunshi-ƙunshi. Ƙunshi mai samfuri 128 a kilohaz 48 yana ɗaukar milisakan 2.7, mai 256 yana ɗaukar 5.3, mai 1,024 kuwa ya haura 21, kuma sai an lissafa shiga da fita. Da zarar jimillar ta wuce milisakan goma, mawaƙi kan fara jin muryarsa na bin bayansa, sai ya riƙa saɓa wa kiɗa. Wannan ya fi shafar mawaƙanmu saboda dogaronsu da Auto-Tune, manhajar gyaran murya da kamfanin Antares ya fitar a 1997. Da yawansu sun saba jin muryar a gyare tun suna rerawa. To, duk gyare-gyaren da aka jera a kan layin murya ɗaya bi da bi ake yin su, kusan a kan ƙwayar furosesa ɗaya. Saboda haka furosesa mai ƙwaya shida masu sauri ta fi amfani a nan a kan mai ƙwaya goma sha shida da rabinsu za su zauna ba aikin yi suna ƙara zafi.

Ga zafin kuwa. Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Mutum a zaune yana fitar da zafin da ya kai kimanin wat 100, don haka na'urar da ke shan wat 300 daidai take da ƙarin mutum uku a ɗaki. Ɗakin ɗaukar murya kuma rufaffe ne da gangan: an toshe taga, an lulluɓe bango da soso ko katifa domin kada kukan babur da na injin niƙa su shigo. A watannin Afrilu da Mayu zafin Haɗejiya kan haura digiri 40 a inuwa. Fankar furosesa ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, don haka na'urar da aka gwada a ɗaki mai digiri 22 za ta fara aiki a nan da ƙarin digiri kusan ashirin a kanta. Furosesoshin Intel da AMD na yanzu kan rage gudu da kansu idan sun kusanci digiri 95 zuwa 100, kuma wannan raguwa ce ke fitowa a matsayin ƙas-ƙas ko yankewar sauti ana tsakiyar ɗauka. Kafin ma a kai nan fankoki sun tashi da ƙarfi, makirfo mai kaifin ji kuwa ba ya bambanta muryar mawaƙi da kukan fanka. A kunna na'urar sanyaya ɗaki, ita ma da nata ƙugin da nata cin wutar. Mafi yawan masu aiki kashe ta suke yi lokacin ɗauka.

Abin da wannan ke nunawa a zaɓen kaya a fili yake. Furosesa mai ma'aunin wat 65 wadda ke ɗauke da sashen nuna hoto a jikinta ta wadatar. Katin hoto irin na masu wasan kwamfuta, wanda shi kaɗai kan sha wat 200 ko fiye, ba shi da abin yi a situdiyon sauti, duk da cewa shi mai shago zai fi zuga mai saye a kai. A ɗora wa furosesa babban ƙarfen sanyaya mai faffaɗar fanka, domin babbar fanka mai juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gudu shiru. Sanyayawa da ruwa ban ga hikimarta a nan ba: famfonta na da ƙara, kuma in ya tsaya ba kowane mai gyara ne zai taɓa shi ba.

Lissafin batir ma wuri guda yake nunawa. Jigawa, jihar da Haɗejiya take, tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO tare da Kano da Katsina, kuma a Oktoban 2024 yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi, ga shi kuma ƙararsa na ratsa bango. Mafita ta koma sola da batir. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da wat 2,400 na awa guda a rubuce, amma in na ruwa ne rabin wannan kaɗai ake ja in ana son ya daɗe. Situdiyon da duka kayansa ke shan wat 300 zai yi awa huɗu. Wanda aka tsara a kan wat 80 zai kusanci awa goma sha biyar, kafin a cire ɗan abin da inbata ke ci. Kuɗin da aka ƙi kashewa a babbar furosesa ashe an tsira da shi sau biyu, a shagon kwamfuta da kuma wajen mai sola.

Irin inbatar ma abin dubawa ne. Mai araha tana fitar da wuta mai tsalle-tsalle wadda ba ta yi kama da ta Nepa ba, tana sa lasifika zuzu, kuma wasu akwatunan wutar kwamfuta na zamani kan kashe kansu in aka ba su ita. Wadda ke fitar da tsabtatacciyar igiyar wuta ita ce ta situdiyo. Shi kansa akwatin wutar da ke cikin kwamfuta shi ne sashen da aka fi rainawa, shi ne kuma ke karɓar dukan farko idan wuta ta yi sama ko ta yi ƙasa. A nemi na kamfani sananne, mai karɓar bolt 100 zuwa 240, mai alamar 80 Plus. Araha ba ta ado a nan, don in ya ƙone yakan tafi da babban allo.

Akwai wata ƙara da ba daga fanka take ba. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma gidaje da shaguna da yawa an ja musu waya biyu ne kawai ba tare da ta ƙasa ba. Sakamakon shi ne gurnanin da ake ji a ƙarƙashin murya, wani lokaci har makirfo ya ɗan ja leɓen mawaƙi. Sayen sabuwar kwamfuta ba ya maganin wannan. A kafa ƙarfen ƙasa yadda ya kamata, a haɗa duk kayan sauti a soket guda, a yi amfani da wayoyi masu baki uku irin na XLR. A ƙasar fadama mai laima ƙarfen kan kama da kyau. A kan tudu mai rairayi, a tsakiyar rani, sai an zurfafa shi. Sai kuma sawunkad na waje, irin su Focusrite Scarlett ko Behringer UMC masu ƙofa biyu, wanda shi ke mayar da murya lambobi, shi ke ba makirfon kwandensa bolt 48 da yake buƙata. Ingancin direbansa na ASIO, tsarin da Steinberg ya fito da shi a 1997, ya fi tasiri a kan jinkiri fiye da bambancin furosesa biyu masu kusancin daraja.

Yanayin kwarin kogin Haɗejiya yana juyawa ne tsakanin gaɓa biyu. Da hunturu hazo ke shiga ko'ina, ya toshe haƙoran ƙarfen sanyaya. Akwati mai rariyar ƙura da ake iya cirewa a wanke, wanda fankokinsa masu shigar da iska suka fi masu fitarwa ƙarfi, shi ke rage wannan. Bushewar iskar lokacin ma tana tara wuta a jikin mutum, don haka mai haɗa kaya ya taɓa ƙarfe kafin ya ɗauki ram. Da damina kuma laima ce, ita ke sa makirfon kwandensa tartsatsi in ba a adana shi a rufaffen akwati ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa ba sai an ce masa ya ɗaga kwamfuta daga ƙasa ba, ko ya ajiye kwafin aikin mutane a wata ma'adana a wani gida.

Saura tambayar ko haɗawar ma ta fi sayen haɗaɗɗiya. Kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da ake samu a kasuwannin Kano, suna da araha, ba su da ci, kuma suna iya aikin. Aibinsu biyu ne. Da yawansu akwatin wutarsu da allonsu na musamman ne, in ya ƙone sai an nemo irinsa sak. Sannan Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar furosesar Intel da ta gaza zubi na takwas, don haka a duba lambar kafin a biya. Mac mini mai M1 na 2020 kusan ba a jin motsinsa, ko a cikin aiki mai nauyi bai kai wat 40 ba, amma ram da ma'adanarsa a manne suke, ba ƙari ba sauyi. A ganina wadda mutum ya haɗa da kansa da sassa na gama-gari ta fi dacewa da mai zama nesa da Kano, domin duk abin da ya mutu za a iya aiko shi a motar haya a ɗaura a yini guda. Wanda jarinsa bai kai ba, ta ofis ɗin ba abin kunya ba ce, ya sa ragowar kuɗin a makirfo da batir.

Aiki ɗaya ne wannan tsari bai dace da shi ba, wato ɗaukar makaɗan gargajiya. Tambari da kakaki da algaita na fadar Haɗejiya, ko ƙungiyar masu kalangu a wajen biki, ba sa shiga ɗakin soso, kuma ƙarfin sautinsu ya fi ƙarfin makirfon murya na situdiyo in an matso da shi. Nan abin da ake buƙata shi ne makirfo masu jure duka irin su Shure SM57 da ƙaramar na'urar ɗauka mai aiki da batirin tocila, kamar Zoom H6 mai ƙofofin XLR huɗu. A ɗauko a fili, a dawo da katin ajiya ɗaki, kwamfutar wat 80 ta yi tacewa da haɗawa.