Daga Gammo Zuwa Hular Kwano: Tarihin Lafiyar Ma'aikaci a Abuja

A wannan fitowa za mu waiwayi wani abu da ya shafi kowane gida a cikinmu, wato lafiyar mutum a wurin neman abincinsa. Ai kusan duk wanda ke zaune a nan, aiki ne ya kawo shi, ko ya kawo mahaifinsa.

A garuruwanmu na asali kowace sana'a tana da shugabanta. Akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Pawa, akwai Sarkin Magina. Yaro ba ya riƙe guduma ko wuƙa sai ya daɗe a gaban ubangidansa, an ga hankalinsa. In tsautsayi ya auku, dangi da 'yan sana'a su ke ɗaukar jinya. Abin yana tafiya ne domin kowa ya san kowa.

To, Abuja sai ta zo da wani abu dabam. A ran 3 ga Fabrairu 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar soja mai lamba 6, wadda ta samar da sabon babban birni da hukumar raya shi, wato FCDA. Tsohuwar Abuja kuwa ta koma Suleja. A zamanin Alhaji Shehu Shagari aiki ya kankama, mutanenmu suka yi ta kwararowa daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya, har da Nijar. Manyan kamfanoni irin su Julius Berger ne suka saba mana da hular kwano da takalmin aiki mai ƙarfe a baki. Amma fa wannan gata na wanda sunansa ke cikin rajista ne. Leburan yini da ke ƙarƙashin ƙaramin ɗan kwangila, gammo ne hularsa. Ya ɗora kwanon kankare a ka, ya hau tsanin katako da silifas. In ya faɗo, a sallame shi da kuɗin mota, gobe a ɗauki wani. A haka aka yi ta gini har Janar Babangida ya tare a birnin ran 12 ga Disamba 1991.

Ba wai babu doka ba ne. A 1987 an fito da Dokar Masana'antu, wadda ta wajabta a killace injuna masu haɗari, a tanadi ruwan sha da akwatin magani, a kuma kai rahoton haɗari ga ma'aikatar ƙwadago. A shekarar dai aka yi dokar diyyar ma'aikata. Sai dai a lokacin, neman diyya kokawa ce tsakanin lebura da mai aiki, wani sa'in har kotu. Ina talaka ina kuɗin lauya?

Babban sauyi ya zo a Disamba 2010, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar Dokar Diyyar Ma'aikata. Yanzu mai aiki ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF, ita kuma ta biya wanda ya ji rauni, ko iyalin wanda ya rasu, ba sai an tsaya neman mai laifi ba. Dokar ta haɗa da leburan wucin gadi, da yaron koyon sana'a, da ɗan aikin gida, ko da yarjejeniyar ta baka ce. Ta haɗa da ciwon da sana'a ke jawowa, da kurumcewa, da haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki, har ma da matsanancin damuwar da aiki ke sa wa mutum. Sharaɗin shi ne a sanar da mai aiki cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7, a shigar da buƙata kafin shekara ta cika. Yawancin mutanenmu a nan suke asara, don ba su ma san da wa'adin ba.

Duk da haka ba a rabu da Bukar ba. A Agusta 2018 bene da ake kan ginawa ya rufta a Jabi. A Fabrairu 2023 wani ya rufta a Gwarimpa da leburori a ciki. A Satumba 2018 ƙasa ta motsa a Mpape, har gwamnati ta dakatar da fasa dutse a yankin na wani lokaci. Amma wanda ya fi kashe masu fasa dutse ba ya ƙara: ƙurar nan ce da ke shiga huhu a hankali, mutum ya yi ta tari ana cewa sanyi ne.

Zamani kuma ya kawo nasa. Annobar korona ta 2020 ta koya wa 'yan kasuwa takunkumi da wanke hannu. A rumfunanmu na Wuse da Dei-Dei yau akwai janareta da galan ɗin fetur da tukunyar gas da waya a tsirare, duk a ɗaki guda. Hayaƙin janareta a rufaffen shago yana kashe mutum yana barci. Zafin rana ma ya shiga lissafi, har Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa sauyin yanayi ya zama jigon ranar lafiyar ma'aikata ta 28 ga Afrilu 2024. Wanda ya ga 'yan dako da masu turin baro a watan Maris ya san ba zancen Turawa kaɗai ba ne.

Mu 'yan kasuwa mu ma iyayen gida ne, yaran shago amana ne a hannunmu. Saboda haka muna ba ƙungiya shawara ta buɗe rajistar 'yan sana'a, ta sa mutum biyu masu ilmi su riƙa raka wanda ya ji rauni wajen neman haƙƙinsa kafin wa'adi ya wuce. Kowane layi a kasuwa ya haɗa kuɗi ya sayi tukunyar kashe gobara, a fitar da janareta waje. Mai walda ya sa tabarau, mai fasa dutse ya rufe hanci, ya yayyafa ruwa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya tsare mu, Ya ba mu halaliyarmu cikin lafiya, amin.