Daga Tubali Zuwa Jirgin Sama

'Yan'uwa marubuta, a wannan makon za mu duba tarihin wata dabara da injiniyoyi ke karantawa a aji, wato haɗa abubuwa biyu su haifar da na uku wanda ya fi kowannensu amfani.

Dubban shekaru da suka wuce, mutanen Masar suna cuɗa laka da tattaka kafin su yi bulo. Maginanmu ma haka suke kwaɓa ƙasa da ramno su yi tubali. Busasshiyar ƙasa tana jure nauyin da ya danne ta, amma da an ja ta sai ta tsage. Ciyawa kuwa tana jure ja, sai ta riƙe ƙasar, ta hana tsagar yin nisa.

Mayaƙan Mongol sun bi wannan hanya wajen ƙera baka. Suna manna ƙaho a cikin katakon, inda yake matsewa idan an ja tsirkiya, su shimfiɗa jijiyar dabba a bayansa, inda yake miƙewa.

A 1867 wani mai lambu Bafaranshe, Joseph Monier, ya yi rajistar tukwanen shuka na siminti masu ragar ƙarfe a ciki. Daga irin wannan aiki kankare mai rodi ya bunƙasa. A yau idan za a zuba rufin kankare tsakanin bango biyu, wajen ƙasansa ake jera rodi, domin nan ne yake jawuwa idan nauyi ya hau shi. Magini ya kuskure wurin, rufin na iya ruftawa kan mutane.

A shekarun 1930 aka fara sarrafa zaren gilashi da yawa a Amurka, a 1963 kuma masu bincike a Ingila suka samar da zaren kabon mai ƙarfi. Ana jiƙa zaren da ƙaro na roba ya daskare. Kusan rabin nauyin jikin jirgin Boeing 787 irin wannan haɗin ne.

Ɗalibin injiniya yakan fara da tambayoyi uku: yawan zaren nawa ne, ina ya fuskanta, kuma ya kama ƙaron da kyau? Zare a tsawonsa yake da ƙarfi, shi ya sa ake shimfiɗa shi hawa-hawa, kowane hawa ya gitta na ƙasansa. Duk cikinmu mai son rubutu kan wannan fanni, ya fara da zama wurin masu kwaɓa ƙasa ya ji sunayen da suke kiran abubuwan.