Daga Shagon Kafe Zuwa Layin Waya: Yadda Darasin Tsare Sirri Ya Makara

Tun a 1988 gwamnatin Nijeriya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, amma an daɗe darasin bai wuce allo ba a yawancin makarantun gwamnati. Malami ya zana kwamfuta da alli, ya sa wa kowane sashe suna, ɗalibai su haddace su zuba a jarrabawa. Maganar tsare sirri ba ta taso ba, don ɗalibi ba shi da asusu a ko'ina.

Inda aka koyi intanet na gaske shi ne shagunan kafe, waɗanda suka yawaita a farkon shekarun 2000, daidai lokacin da wayar salula ta shigo a 2001. A nan aka shuka ɗabi'ar da har yau take cin mu. Ɗalibi ya zo duba sakamakon WAEC ko cike fom, mai kafe ya buɗe masa imel, ya zaɓa masa kalmar sirri, galibi sunansa da shekarar haihuwarsa, ya kuma rubuta a littafin shago don kada a manta. Taimako ne, ba mugunta ba, kuma da yawa da ba don masu kafe ba da ba su ga ƙofar jami'a ba. Sai dai yaro ya tashi da tunanin cewa kalmar sirri aba ce da ake ba wanda ya fi ka sani ajiya. A lokacin ɓarnar ba ta da yawa. 'Yan yahoo mutanen ƙasashen waje suka fi hari, har bayan kafa EFCC a 2003 muna ganin abin bai shafe mu ba.

Shekarar 2014 ce ta fara sauya lissafi, da Babban Bankin Nijeriya ya kawo BVN, lamba ɗaya da ta haɗa duk asusun bankin mutum. A 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, a shekarar kuma aka sa hannu kan dokar laifukan intanet. A Disamba 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, sannan daga 2021 JAMB ta ce ba rajista sai da NIN, wadda ɗalibi zai tura ta tes zuwa 55019 daga layinsa. Cikin shekara bakwai, layin waya ya koma mabuɗin komai: banki, gurbin karatu, WhatsApp, Facebook. Ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023 ya ƙarasa tura kowa ga tiransifa, har da ɗan aji huɗun sakandare.

Ɓarayi sun fi makaranta saurin gane haka. Ba kutse mai wuya suke yi ba, baki suke amfani da shi. A kira ɗaliba da murya mai ladabi, a ce an saka ta a zauren masu tallafin karatu, ta karanto lambobi shida da suka shigo wayarta. Tana gama karantowa WhatsApp ɗinta ya bar hannunta, kafin la'asar an roƙi kawunnanta da ƙawayenta kuɗi da sunanta. Ko a ce daga banki ne, za a rufe asusu in ba a faɗi lambobin katin ATM ba. Akwai kuma asarar da ba ɓarawo a ciki: ɗalibi ya yi rajista da layin yayansa ko na mai kafe, layin ya ɓata ko ya daɗe ba a aiki da shi, kamfani ya sayar wa wani, shi ke nan saƙonnin sirrinsa suna zuwa wa baƙo.

Doka dai ta ci gaba. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai a 2019, a watan Yuni 2023 kuma aka samu cikakkiyar doka da hukumarta. Amma doka bayan an yi ɓarna take aiki. Gargaɗin da ke isa ga matasa, mafi yawansa tes ne daga banki, da Turanci, ana gogewa ba a karanta ba.

A ganina ba sai an jira ɗakin kwamfuta ko janareta ba. Darasin nan da wayar hannu ake yin sa, da Hausa, kafin a fara rajistar WAEC da JAMB: kowane ɗalibi ya buɗe imel ɗinsa da kansa, ya yi rajista da layin da yake nasa, ya kunna kariya mai mataki biyu a gaban malami, ya kuma ji daga bakin malamin cewa babu banki ko hukumar da za ta kira shi ta nemi lambar sirri. Shugabannin makarantu, ku ware wa 'yan ajin ƙarshe awa ɗaya don wannan kafin ku tura su wurin mai kafe bana.